Zare da Abawa: Gadon da Masaƙa Ta Bar wa Harshe

Da wuya a saurari labaran rediyo na mako guda ba a ji an ce wani kwamishina ya warware zare da abawa kan wata badaƙala ba, ko 'yan sanda sun gano bakin zaren wani laifi, ko wani ɗan siyasa yana kukan abokan tafiyarsa suna yi masa saƙa da mugun zare. Mai faɗa ya san abin da yake nufi, mai ji ma ya gane. Amma da za a ajiye wa mai karanta labaran kwando cike da dunƙulen zaruruwa a ce ya ɗauko abawa, akwai alamar zai tsaya yana kallon kwandon. Kalmar zare ta yi rassa a bakin Bahaushe har ta shiga shari'a da siyasa da nazarin adabi da zancen zuci, kuma rassan nan ba a warwatse suke ba. Kowannensu yana komawa ga wani abu takamaimai da hannun mai kaɗi ko ƙafar masaƙi suka sani. Wanda ya san aikin yana jin maganar da kaifinta, wanda bai sani ba kuwa dusashenta yake ji, ko da yana zaton ya gane. Wannan shi ne abin da nake son tabbatarwa.

Silin auduga guda ɗaya gajere ne ƙwarai, tsawonsa bai cika wuce gaɓar yatsa ba, kuma ko jariri zai iya tsinka shi. Abin da ke mayar da wannan rauni ya zama ƙarfi shi ne murɗawa. Idan aka murɗa silla masu yawa tare, sai su matse juna, kowanne ya riƙe na kusa da shi, ta yadda ƙarshen wannan yana kwance a tsakiyar wancan, har a sami abu mai tsawon da babu auduga ɗaya da ta kai shi. Kafin a zo nan akwai aiki mai yawa. Za a gurje auduga a kan magurji a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi ta tashi, sannan mai kaɗi ta zauna da mazari, tana dangwalar alli a yatsu don kada su yi santsi, hannu ɗaya yana jan auduga, ɗaya yana murza mazarin. Ja ya yi yawa, zare ya tsinke. Murɗi ya yi yawa, ya ƙudundune ya yi ƙulli. Murɗi ya yi kaɗan, ya saɓule tun kafin ya isa masaƙa. Babu ma'auni a wannan aiki sai yatsa, kuma a ƙasar Hausa yatsun nan na mata ne. Ya kamata a riƙa tuna wannan duk lokacin da aka ji manyan maza suna ado da karin maganar zare a majalisa: ilimin da suke aro daga ɗakin tsofaffin mata ya fito.

A nan ne bambancin zare da abawa yake. Masaƙi yana buƙatar iri biyu. Na farko shi ne wanda ake yin wadari da shi, a miƙe shi a tsaye a kan masaƙa, a ɗaure shi tamau. Shi zai sha ja, shi zai sha gugar allira tana ɗaga shi tana sauke shi sau dubbai, don haka dole ya zama siriri mai murɗi sosai. Na biyu shi ne abawa, mai kauri, mai laushi, wadda ba a matsa mata murɗi ba, ita ƙoshiya ke ɗauka tana ratsawa da ita tsakanin na tsaye. Zare ke ba tufa ƙarfi, abawa ke ba shi jiki. Daga nesa duka fari ne, duka auduga ne. Idan suka cakuɗe a kwando, ko kuma aka riga aka saƙa su suka shiga juna, raba su aikin mai haƙuri ne wanda ya san kowanne da yatsa. Saboda haka wanda ya warware zare da abawa ba dogon bayani kawai ya yi ba. Ya ɗauki al'amura biyu da suka yi kama, suka sarƙe, ya ware su ya ce wannan ne ginshiƙin magana, wannan kuma ciko ne. Alƙalin da ya raba hujja da zargi ya warware zare da abawa. Jami'in da ya kira 'yan jarida ya ce shi bai san komai ba, bai warware ko sili ɗaya ba, ko da washegari jarida ta rubuta cewa ya warware.

Haka bakin zare yake. Duk wanda ya taɓa riƙe dunƙulen da ya hargitse ya san cewa idan aka kama tsakiya aka ja, ƙullin ƙara tamkewa yake yi. Sai an lallaɓa an nemo inda zaren ya fara, sannan a bi shi a hankali, a cusa ta nan a fitar ta can. Gano bakin zare ke nan, kuma mafarin aiki ne, domin warwarar tana gaba. Shi kuwa mugun zare, sharrinsa a ɓoye yake. Zaren da ya ruɓe ko bai sha murɗi ba yana shiga saƙa lafiya lau, a buga tufa ta yi sheƙi, a kai kasuwa a sayar, sai an yi wanki ɗaya ko biyu sannan ta fara zubewa a jikin wanda ya saya. Shi ya sa ba a cewa maƙiyin fili yana saƙa da mugun zare. Maganar ta mutumin da ke yi maka aiki ce, yana murmushi, kana ganin ci gaba, alhali ya san abin da ya sa a ciki. Bahaushe ya kuma ɗauki masaƙar ɗungurungum ya kai ta cikin ƙirji: mai damuwa yana kwana yana saƙa da warwara, mai shawara da kansa yana saƙe-saƙe, ana kuma gargaɗin mutum kan saƙar zuci. Malaman adabi a jami'o'inmu sun bi wannan turba da suke maganar warwarar jigo a nazarin waƙa, da zaren labari a nazarin ƙagaggun littattafai.

Ba abin mamaki ba ne sana'a ɗaya ta yi wa harshe irin wannan shiga, idan aka duba matsayinta a da. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufa. Ya rubuta cewa kayan saƙa da rinin Kano suna kaiwa Ghat da Tarabulus a arewa, suna kaiwa Tambutu a yamma, har ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙuma 300 a shekara, a mafi ƙarancin lissafi. Rawunan da Buzaye ke rufe fuska da su, masu sheƙin baba, garin Kura ya yi suna wajen rina su da buga su. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har yau. Bayan auduga akwai tsamiya, zaren da ake samu daga gidan wata tsutsa, akwai kuma alharini da fatake ke kawowa ta hamada, waɗanda ake yi wa manyan riguna aiki da su. Kowace riga a wannan kasuwa ta fara ne daga mazari, kuma masaƙi ɗaya yana cinye kaɗin mata da yawa, domin saƙa ta fi kaɗi sauri nesa ba kusa ba. Ke nan a birni da ƙauye kusan babu gidan da ba a jin ƙarar mazari. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya buƙatar a fassara masa abawa.

Abin da ya fi nuna cewa Bahaushe da saninsa yake aron kalmar shi ne wuraren da ya ƙi kai ta. Yana cewa zaren ɗinki, zaren ulu, zaren carbi, kitson zare, zaren da likita ke ɗinke rauni da shi, har mangwaro mai zare. Amma abin da ke jikin baka ko gurmi tsirkiya ne, na cikin fitila lagwani ne, na ɗaure kaya kirtani ne, na jan guga igiya ce. Wannan rarrabewa ta bi shi har cikin magana mai hikima. Ba a cewa zaren aure, igiyar aure ake cewa, har ana ƙirga ta uku. Ba a cika cewa zaren zumunci ba, igiyar zumunci ake riƙewa. Abin da ake so ya ɗaure mutum, ya ɗauki nauyi, ya jure fizga, an ba shi igiya. Abin da ke buƙatar bi a sannu, da lura, da laushin hannu, kamar bincike da labari da tunani, shi aka bar wa zare. Ko tufka da warwara da ake faɗa wa mai magana biyu, daga aikin igiya aka ɗauko ta, kuma ta dace, domin alƙawari abin ɗauri ne. Akwai kuma wata zare da ba ta cikin wannan gida ko kaɗan, wato ta zare takobi da zare ido da zare hannu daga wani al'amari. Wannan aikatau ce, ana jan wasalinta na farko, karin sautinta ma daban ne. Rubutun boko ne ya sa suka zama kamar tagwaye a takarda, amma a baki ba a taɓa rikita su.

Mai ja da wannan bayani zai iya cewa babu wani abin a zo a gani a nan, tunda kusan kowane harshe haka yake yi da zare. Gaskiya ne, kuma misalan suna da daɗin ji. Kalmar thread ta Ingilishi asalinta daga wani tsohon aikatau ne mai nufin murɗawa, yau kuma Turawa suna kiran tsagin da ya nannaɗe jikin noti da ita, suna kiran bin zance da ita. Kalmar da yawancin harsunan Turai ke kiran rubutaccen matani da ita ta fito ne daga aikatau na Latin mai nufin saƙa. A Indiya, gajerun ƙa'idojin ilimi da ɗalibi ke haddacewa sunansu sutra, wato zare. A Sin, harafin da ke nufin zaren tsaye na masaƙa shi ne kuma ake kiran manyan littattafan da aka gada da shi. Larabawa sun kira tsararriyar waƙa nazmu, daga jera duwatsun ado a zare, suka kira maganar da ba ta da wannan tsari nasru, wato watsawa, abin da ya yi daidai da zube da muke cewa. Kalmar da Ingilishi ke kiran alamar da mai bincike ke bi ma asalinta dunƙulen zare ne, saboda tatsuniyar Girkawa ta jarumin da wata 'yar sarki ta ba zare ya bi ya fito daga gida mai ruɗaɗɗun hanyoyi. Duk wannan yana ƙarfafa maganar ne, domin yana nuna cewa duk inda aka yi kaɗi, mutane sun ga tunaninsu a jikin zare. Sai dai kowace al'umma da abin da ta zaɓa ta gani. Girkawan dā sun ɗauki ran mutum zare ne a hannun wasu mata uku, ɗaya tana kaɗawa, ɗaya tana aunawa, ɗaya tana yankewa, kuma wannan hoto ya bi harsunan Turai har yau. Bahaushe bai rataye rai a zare ba. In mutum ya mutu, kwana ne ya ƙare, wa'adi ne ya cika. Shi kuma Bature, duk da yawan masaƙunsa, ba ya yabon mai bayani da cewa ya raba zaren tsaye da na kwance. Zaɓin nan shi ne abin nazari, kuma ba a gane shi sai an san kayan da aka zaɓa daga ciki.

Musulmin ƙasar Hausa ya san wani zaren da yake haɗuwa da shi kowane watan azumi. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 187, an kwatanta ketowar alfijir da bayyanar farin zare daga baƙin zare. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya ɗauki dabaibayi biyu, fari da baƙi, ya sa a ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana masa cewa hasken safiya da duhun dare ake nufi. A Suratun Nahli, aya ta 92, an kuma misalta mai karya alƙawari da macen da ta warware kaɗinta bayan ya yi ƙarfi. Misalan biyu duk sun dogara ne da cewa mai sauraro ya san zare a hannu: ya san sirantarsa, don ya gane yadda hasken farko ke miƙewa a gabas, ya kuma san kwanakin da kaɗi ke ci, don ya ji girman asarar warware shi. Adiyyu ya riƙe zaren, ma'anar ta kuɓuce masa har aka nuna masa. Mu a yau namu ya zama akasin haka, muna riƙe da ma'ana, zaren ne ya fita daga hannunmu.

Ja na biyu ya fi na farko nauyi. Za a ce mai magana ba ya buƙatar tarihin kalma kafin ya yi amfani da ita daidai, kamar yadda mai cewa allura ta tono garma ba dole ne ya taɓa riƙe garma ba. Akwai gaskiya a nan, domin harshe ba ya jiran izinin masana asali, kuma karin magana takan rayu bayan abin da ya haife ta ya shuɗe. Amma akwai bambanci tsakanin rayuwa da lafiya. Garma har yanzu ana ganinta, an san girmanta kusa da allura, don haka hoton yana aiki. Abawa kuwa ta kusa zama sauti kawai, abokiyar rakiyar zare a jimla. Idan hoto ya mutu, iyakar magana takan goge, sai ta fara shiga inda ba nata ba. Shi ya sa ake jin an gano bakin zaren matsalar tsaro ko ta wutar lantarki da sigar an gama da ita, alhali mai kaɗi ta san cewa wanda ya samo bakin zare yanzu ya zauna. Shi ya sa kowane taron manema labarai ya zama warware zare da abawa. Asarar ba ta ado ba ce kawai. Magana mai kaifi ma'auni ce da talaka ke auna mai mulki da ita. Muddin mutane sun san cewa warwarewa tana nufin ware ginshiƙi daga ciko, za su iya cewa wannan bayani bai kai ba.

Ja na uku shi ne cewa duk wannan begen zamanin da ya wuce ne, kuma zamanin bai cancanci bege ba. Nan ma dole a amsa da adalci. Kaɗi aiki ne mai cin ido da baya, ladansa kaɗan ne, kuma babu mai hankalin da zai so a mayar da mata kan mazari don karin magana ta yi armashi. Yadda sana'ar ta ja baya ma ba dare ɗaya ba ne. Ƙungiyar masu masaƙun Ingila da aka kafa a Manchester a 1902 don bunƙasa noman auduga a ƙasashen mulkin mallaka ta sa rai cewa da zarar jirgin ƙasa ya iso Kano, auduga za ta kwarara zuwa masaƙunsu na Lancashire. Jirgin ya iso a 1911, amma manoma suka karkata ga gyaɗa, audugar da aka noma kuma masaƙan gida sukan saye ta da farashin da ya fi na Turawa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa sana'ar tana da ƙarfinta a lokacin. Zaren inji mai araha ne ya fara cin kasuwar mai kaɗi, yadin kanti ya biyo baya ya ci ta masaƙi. Daga baya aka kafa masaƙar zamani ta Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu suka biyo ta, Kaduna ta zama garin masaƙu, har aka rufe ita ta farkon a 2002, kayan waje suka cika kasuwar Kantin Kwari. An yi rashin masaƙa sau biyu ke nan cikin ƙarni guda, ta gargajiya da ta inji.

Duk da haka harshe bai daina aro daga zare ba, kuma wannan ne amsar masu cewa bege ne kawai. Matasa suna cewa zaren ba kalar yadin ba ne, idan mutum ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa ko ya shiga sahun da ba nasa ba. Kala da yadi duka baƙin kalmomi ne da suka shigo daga Ingilishi, wanda ke nuna cewa maganar ba a gindin masaƙa aka haife ta ba. A shagon tela aka haife ta, gaban keken ɗinki, inda kowa ya taɓa ganin yadda farin zare ke tona asirin ɗinki a kan shuɗin yadi. Maganar tana da kaifi a yau saboda dalilin da ya sa ta abawa ta yi kaifi jiya: masu faɗinta sun ga abin da idonsu. Ƙa'idar ba ta canza ba, wurin aikin ne ya canza.

Abin da ya rage na tsohon ilimin bai ɓace gaba ɗaya ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara sunayen kayan kaɗi da saƙa tun ana amfani da su yau da kullum, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 ya bi bayansu. A Zariya har yanzu akwai masu zama da allura suna fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, akwai masu ɗinkin hula a zauruka, akwai kuma tsofaffi a ƙauyukan Katsina da Zamfara da Maraɗi da yatsunsu ba su manta mazari ba. Malamin Hausa da ke koyar da karin magana a sakandare yakan rubuta warware zare da abawa a allo, ya rubuta ma'anarta a gaba, yara su kwafa su haddace don jarrabawa. Da zai nemo dunƙule biyu, ɗaya na zare ɗaya na abawa, ya cakuɗa su a gaban aji ya miƙa wa ɗalibi ɗaya ya ce raba mini, da darasin bai ci fiye da minti goma ba, kuma kuɗin kayan bai kai na alli ba.